Wayar da Ta Yi Kuka a Cikin Adaka

Kun san ni da baki, ba sai an gaya muku ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa da rahama, yakan ce ko a rijiya aka jefa ni sai na sami kwaɗon da zan yi wa hira. Duk babukan da suka wuce na rubuta su ina dariya ni kaɗai a tsakar gida, da wannan hannu nawa na yaƙi da jahilci mai kama da sawun kaza a toka. Wannan babin ne ya tsaya mini a wuya. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abin da ya tilasta ni shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce Nana, ɗiyar babban yayanku, ta dawo daga gidan suna a Zengo ba ta ko dubi tuwo ba. Da na matsa mata, sai ta ce wata mata ce ta nuna ta da baki, ta ce wa ta kusa da ita, ɗiyar wanda ya cinye gonar ubansa ke nan. Yarinya tana kwaleji, ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma ba ta da abin mayarwa, don ita ma haka ta tashi ta ji ana faɗa. Ku ma haka kuka ji, kuma ni na bar ku kuka ji. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Mahaifinku baduku ne a nan Birni, kun sani, amma hannunsa ne kawai ke Damagaram, cikinmu duka yana wajen garin Dogo. Can yake da gonar da ya gada, wadda muke kira Gonar Tsamiya. Malam Sani, wani ɗan uwansa na nesa, shi ke nome ta, da kaka a rabo. Daga ita muke ci tun daga kaka har bazara, abin da dukanci ya kawo shi ne na miya da sabulu da kuɗin lakol ɗinku, wato makaranta. Bayan wani fari da aka yi, wanda har muka sayar da akuyoyin bayan ɗaki, sai ƙungiyar manoman can ta kawo wani sabon abu da suke kira asiransi, 'yan rediyo kuma su ce inshora. Wai ka biya wani abu kafin shuka, in ruwa ya yanke gona ta ƙone a ba ka abin da za ka rufa wa kanka asiri, in kuwa damina ta yi kyau shi ke nan, kuɗinka sun tafi taimakon wani. An sha gardama a ƙofar masallaci. Wasu suka ce caca ce, wasu suka ce gayya ce ta kuɗi maimakon ta hauya. Mahaifinku ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo ya sa sunansa.

Biyan ba a biro, wato ofis, ake yi ba, ba layi ba takarda. An buɗe wa kowa asusunsa a cikin intanet. Yayanku a lokacin ya yi aure, yana aiki a wani shago kusa da tasha inda ake buga wa mutane takardu, yana kuma da babbar salula irin ta shafawa. Kowace shekara in zafin bazara ya kai iyaka, sai su shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron nan na tsakar gida. Shi ya buɗe asusun a wayarsa, ya sa sunan mahaifinku da kalmar sirri, ya danna. Sai can a turo wasu lambobi zuwa 'yar ƙaramar salular mahaifinku mai tocila, don da layinsa aka yi rajista. Sai an karanto lambobin nan an sa, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan biya ya shiga. Mahaifinku yakan miƙe hannu da wayar can nesa da idonsa, yana karantowa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ja wa yara baƙi, yana cewa a yi maza, lambar nan gajeren rai gare ta. Ni ina madafa ina jin komai. Ban san karatun kirki ba, amma Allah ya ba ni kunne. Na san kukan wayar nan in kira ne, na san shi in saƙo ne, na san shi in yunwar wuta take ji.

Shekara uku ana biya, shekara uku ruwa yana sauka, ko dala ba ta dawo ba. A ta ukun na kasa haƙuri, na leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, wai wannan wane irin adashi ne da kwasa ba ta zagayowa?"

"Mai kunnen zomo, ashe kina ji. Shi ne adashin da ake roƙon Allah kada kwasarka ta zo."

Aka yi dariya, har yayanku ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na koma madafa, amma maganar ba ta fita raina ba. A wurina kuɗi ne ake zubawa a rijiya.

A shekara ta huɗu, cikin bazara, ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinku. Kwana takwas ya yi. Ana saura kwana biyu ya cika, ya sa aka kira yayanku, ga ƙanen mahaifinku, Baffa Mamman, a zaune, ga ni a bakin gado. Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro kuɗi a ƙulle cikin ƙyalle, ya ce na gona ne, ba a buɗe biya ba tukuna, amma da zarar an buɗe kada a bari ranar ta wuce, don iskar bana ba ta yi masa daɗi ba. Yayanku ya karɓa da hannu biyu. Baffa ya gani da idonsa, ku riƙe wannan.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, Baffa ya tattara kayan mamaci a gaban dangi: riguna, carbi, takardun gona, agogo, da 'yar salular nan. Ya zuba su a adakar ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya ce ba mai buɗewa sai ya dawo ranar arba'in an raba gado a gaban malamai. Ya miƙo mini makulli, ya ce amana ce. Kashegari ya bi mota arewa da fatun da yake fatauci, can inda waya ba ta shiga. Ba wanda ya tuna ya kashe salular, ba kuma wanda ya tuna me ake yi da ita ban da kira.

Sai na gaya muku dalilin da ya sa Baffa ya tsananta haka, don kada ku ga laifinsa. Da kakanku ya rasu, wata ƙanwarsu ta buɗe adakarsa kafin rabo, wai za ta ɗauko turare. Da aka zo rabo aka rasa wani zoben azurfa. Ko ita ta ɗauka ko ba ita ba, Allah ya sani. Amma gida ya rabu biyu a kan zoben nan, kuma har ta koma ga Allah ba a kiranta da sunanta, sai Goggo Mai Makulli. Na zo gidan nan amarya na tarar yara suna tsokanarta da shi a bayan katanga. Na ga yadda take wucewa ta gefen taro kamar mai neman gafara. Tun ranar na ce wa kaina, ni dai kowane suna a sa mini ban da wannan.

Ina cikin takaba, ina zaune a ɗaki da hantsi, adaka tana kusurwa, sai na ji ƙit-ƙit daga cikinta. Sai na ga kamar mahaifinku zai miƙo hannu ya ɗauka. Saƙo ne. Na san ko na mene ne, lokacinsa ne.

Da azahar yayanku ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ku ƙanana ba ku san yadda muke da shi ba sai abin da kuka gani. Ɗan fari ne. Yadda aka tashe mu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa. Wurin kakarsa ya girma, can ya yi wayo. In zan yi masa magana sai in dubi bango in ce a gaya wa wancan kaza, ko da mu biyu ne a ɗakin. Ba rashin so ba ne. Ni na san takunsa tun daga bakin titi, na san tarinsa a cikin tarin mutum goma. Amma baki ba ya faɗa.

Ya gaishe ni, ya ce an buɗe biya, kwana tara aka bayar. Ya ce ya buɗe asusun, komai daidai, lambar nan ce kawai ta rage, ita kuwa tana shiga wayar Baba ne. Na dubi bango na ce a gaya wa wancan, adakar mamaci ba ta buɗuwa sai arba'in. Bai yi musu ba. Ya ce zai nemi wata hanya. Ya nemi Baffa a waya har ya gaji. Ya hau kabu-kabu ya je biron masu asiransin ya roƙa a mayar da asusun kan layinsa. Suka karɓe shi da mutunci, suka yi masa ta'aziyya, amma suka ce sai ya kawo takardar mutuwa da takardar da ta nuna magada sun wakilta shi. Ta biyun kuwa ba ta samuwa sai an yi zaman gado, zaman gado kuma sai Baffa. Kullum da la'asar ya dawo ya durƙusa ya ba bango labari, ni kuma ina jan carbi.

Ranar ƙarshe ya zo da safe, ko shago bai je ba. Ya zauna a dokin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Na ji yana danne-danne. Can sai adaka ta yi ƙit-ƙit. Tsakaninmu da ita bai fi taku biyu ba.

"Inna, ga ta nan ta shigo. Ni ba sai na taɓa komai ba. Ke ki buɗe da hannunki, ki nuna mini fuskar wayar, ki mayar ki rufe."

Na ci gaba da jan carbi.

"To in kira liman ya tsaya shaida."

"Liman yana da mata," na ce da bango, "matarsa kuma tana da baki."

Lambar ta mutu. Ya sake dannawa, adaka ta sake kuka. Sau uku ya yi haka. A na ukun muryarsa ta canja, ya yi ƙasa da ita kamar mai jin tsoron tada wani.

"Wasiyyar Baba ce, Inna."

Makullin yana ƙulle a bakin zanena, ina jin sanyinsa a cinyata. Da zan ce muku tsoron Allah ne ya hana ni, da na yi ƙarya a kan ƙarya, don na sani ba zunubi ba ne a buɗe a gaban shaida. Tsoron bakin mata ne. Goggo Mai Makulli nake gani tana bin gefen katanga. Akwai kuma na biyu, wanda ya fi muni: a raina ina cewa shekara uku an biya ba a ga komai ba, bana ma haka za a yi, ga arba'in tana tafe, dangi za su cika gida daga Dogo da Takieta, ba ni da ko tiya ɗaya ta shinkafa. Na dubi bango na ce a gaya wa wancan ya sayo shinkafa da mai da kuɗin, a yi wa mamaci sadaka, ta fi masa amfani, kuma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Sa'an nan ya ce to, ya tashi. Kwana biyu bayan haka wayar ta fara kukan yunwar wuta, tana yi tana hutawa, har ta yi shiru. Na ji sanyi a raina da ta yi shiru, Allah ya yafe mini.

An yi arba'in, an ci shinkafa, an yaba. Matan Takieta har cewa suka yi na fitar da mijina kunya. Baffa ya dawo, ya duba kwaɗo ya ga yadda ya bar shi, ya ce a gaban kowa samun mai amana irina sai an tona. Aka raba kaya, gona aka bar ta a haɗe saboda ku ƙanana, salular ta faɗo a rabona. Ba wanda ya tambayi zancen asiransi.

Ruwan shuka ya sauka da kyau, har na fara cewa ai ga shi nan. Aka yi noman farko, aka yi maimai. Gero ya tashi ya kai ƙugu, yana shirin ɗaukar ciki, sai sama ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu da la'asar baƙi ƙirin ta gabas, mu kwashe shanya, mu jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa har sau uku. Ni ina ɗaki, ba na ganin gona, amma ina jin ta a bakin masu zuwa gaisuwa: da farko suna cewa da saura, daga baya suna cewa sai addu'a, daga baya suka daina ambatonta. Da kaka Malam Sani ya zo da abin da Gonar Tsamiya ta bayar a bayan babur ɗaya, gonar da amalanke ke yi wa sawu biyar. Ya sha ruwa, ya yi godiya ga Allah, sa'an nan ya ce shi dai an turo masa nasa na asiransi a waya shekaranjiya, na 'yar gonarsa, ya sayi hatsi, yana fata namu ma ya iso.

Baffa ya tara mu a zaure. Na riga na fita takaba, don haka ba ni da ɗakin ɓuya, ni na kawo ruwan sha ma. Ya tambayi yayanku ina kuɗin da aka turo. Ya ce ba a turo ba. Don me? Don ba a biya ba. Ina waɗanda ubanka ya damƙa maka a gabana? Yayanku ya dubi tabarma. Sai Baffa ya juyo wajena.

"Yaya, ke kin san wani abu a kan wannan?"

Ni da ake cewa ko kwaɗo sai na yi wa hira, na sunkuyar da kai. Kafin in sami numfashi sai wata goggonku ta ce a ƙyale ni, ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ni in sa baki ba. Kowa ya gyaɗa kai. Aka miƙo mini inuwa, na shige. Na ji yayanku ya ja numfashi, irin wanda yake ja in zai ɗaga kaya mai nauyi.

"Ni ne, Baffa. Na yi sakaci har ranar ta wuce. Kuɗin kuma sun shiga wata hidima."

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, ashe shinkafar da kake ta rabawa ranar arba'in kamar ɗan sarki, da gonar marayu ka yi ta. Daga zauren nan maganar ta fita, ta shiga unguwa, ta yi ƙafa ta yi fiffike.

Ba dukiya aka ba waɗanda suka biya ba, kada ku zaci haka. Abin kai wa ga wata damina ne kawai, amma shi ne tsakanin mai gona da wanda ya taɓa yin gona. Mu da baki tara a gida, tiya tana tashi kowace kasuwa, kun tuna tafasa da dusa, ba sai na tuna muku ba. Kafin tsakiyar rani aka jinginar da Gonar Tsamiya ga wani mai hatsi. Yayanku ya ce zai tafi arewa haƙar zinariya ya fanso ta. Ran da zai tafi, da sassafe bayan salla, ya durƙusa a bakin ƙofata da jakarsa. Na tura masa ƙullin tukuɗi ta ƙasa. Na buɗe baki in roƙe shi gafara, abin da ya fito shi ne a gaya wa wancan ya riƙe salla. Ya ce in miƙo salular Baba. Ya yi danne-danne ya mayar mini.

"Na sa lambata a farko, Inna. Nan kawai za ki danna sau biyu."

Ban taɓa dannawa ba. Shi yake kira kowace Juma'a, in ɗauka in ji ya yi sallama, in amsa, in miƙa wa matarsa, in koma gefe ina kasa kunne ina tsintar muryarsa daga nesa. Yana turo abin da ya samu, muna ci, bai taɓa isa fansa ba, har mai hatsi ya cika kuɗi ya riƙe gonar. A shekara ta biyu, wata Talata da hantsi, wayar ta yi kuka. Ba Juma'a ba ce. Na ɗauka, lambarsa ce, amma kafin mai maganar ya ƙarasa sallama na san ba shi ba ne. Zazzaɓi ne, in ji shi, kwana huɗu, sun yi masa sutura yadda ya kamata.

Mutane sun zo gaisuwa, sun ga ban yi kuka a gabansu ba, suka ce kunyar ɗan fari ce har a mutuwa. Nan ma na bar su.

Yanzu ga abin da nake so. Ke Rabi, ke ce mai karatu da murya. Ki ɗauki babin nan ki je gidan Baffanku tun yana da sauran ji, ki karanta masa a zaure, a gaban duk wanda ke nan, kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa mini asiri. A buga shi a shagon nan na kusa da tasha, a ba Nana nata ta ajiye. In mata sun so su sa mini suna, su sa, na ga abin da ya fi suna ciwo. Makullin yana nan cikin kwallata ta ƙasa, a ƙyallen da mahaifinku ya ƙulle kuɗin, ku nuna wa mai shakka.

Saura abu ɗaya. Tun ranar da aka raɗa masa suna ina ɗaki ina ji ta taga, bakina bai taɓa furta shi ba, hannuna ma da na koyi rubutu ban taɓa gwada shi ba. Sunansa Abubakar. Abubakar bai ci gonar ubansa ba. Ya zauna a dokin ƙofata ya roƙe ni sau uku, ni na hana.